Gyaɗar da ta kwana a buhun taki

Talata, 1 ga Oktoba

An gama tsinkar gyaɗar Inna yau. Bayana kamar an saka ni a turmi an daka. Mun baza ta a tsakar gida kan tabarmi huɗu, ko'ina ƙamshin ƙasa. Ba ta kai ta bara ba. Farin nan na watan Agusta, sati uku ba ɗigo, shi ya cuce ta. Da yawa ƙanana ne, wasu ma ɓawon a tsage. Inna ta ce alhamdu lillahi dai, za mu ci, za a kai kasuwar Baure, kuma ga iri. Tun rasuwar Baba gayaunar nan ce ƙarfinta.

Abin daɗi kuma: Yaya Haulatu ta turo saƙon murya daga Daura, watan nan za ta kawo 'yarta Amatullah gida yaye. Wata ashirin cif. Ni zan goya ta, ni zan yi mata kitso. Na riga na faɗa wa duk 'yan gurup ɗinmu, har sun gaji da ni.

Laraba, 2 ga Oktoba

Rasuwa a garin Babban Mutum, matar wan Inna. Allah ya jiƙanta. Inna ta tafi da hantsi, sai an yi sadakar uku za ta dawo. Tana ɗaura mayafi tana ba ni umarni: “Ummu, ki riƙa juya ta. In kika ga hadari, ki kwashe ki kai ɗakin Babanku ki baza, ki buɗe taga. Kada ki kuskura ki sa ta a buhu.”

Na nuna mata abin duba yanayi a wayata, hoton rana jere har kwana bakwai. Na ce Inna damina ta tafi, ga shi a rubuce. Ta ce, “Ni ba da waya na bar gyaɗata ba, da ke na bar ta.”

Alhamis, 3 ga Oktoba



Bayan azahar na tafi gidan su Shatu ƙawata in sa caji, tunda su ke da sola. Na ce minti talatin. Muka zauna kallon bidiyon ƙunshi, wannan ya ƙare wancan ya shigo. Sai ƙarar yayyafi a kan rufin kwano muka ji. Kafin in ruga daga can bakin masallaci zuwa gida, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Matan sashen Kawu duk suna gona wurin gero, ba wanda ya kwashe. Na tarar da gyaɗa tana iyo a kan tabarmi.

Ɗakin Baba na fara nufa, wallahi. Sai na tuna in na baza ta a can, duk wanda ya leƙo zai gan ta sharkaf, kafin Inna ta sauka a mota labari ya riske ta. Ga buhunan taki a rataye, masu leda a ciki. Na ɗura, na ɗaure bakinsu, na ja su bayan ƙofa na rufa da tsohon bargo. Da matan Kawu suka dawo suka ga tsakar gida wayam, har yaba mini suka yi.

Gobe rana za ta fito in shanya, shi ke nan. Wayar ce ta ce babu ruwa, ni ina zan sani.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Rana ba ta fito ba. Lumshi, ga zafi mai naso, ga yayyafi da la'asar.

Asabar, 5 ga Oktoba

Yau ma haka. Na zura hannu a buhu ɗaya, ɗumi kamar cikin tukunyar da aka sauke. Akwai wani wari, irin na zanen da aka manta a jiƙe. Na mayar na ɗaure. Ban ci abincin kirki ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Rana ta fito tun da safe. Na zazzage na baza kafin kowa ya fito, na tsince waɗanda suka yi fari-fari kamar an barbaɗa musu toka, na kai bayan gida na binne. Zuwa la'asar ɓawon ya bushe, ba mai cewa an yi wani abu.

Inna ta dawo. Ko ruwa ba ta sha ba ta tsuguna ta ɗebi cikin hannu ta girgiza a kunnenta. Ta ce ba ta yi ƙara yadda take so ba. Sai ta ɗago: “Ruwan Alhamis ɗin nan bai taɓa ta ba?”

Na ce a'a, na kwashe kafin ya sauko, rashin rana ne kawai.

Ta ce, “Allah ya yi miki albarka, Ummukulsum.” Ba ta cika kiran cikakken sunana ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Kwana uku muna ɓara. Yatsuna duk sun yi kanta. Kamar kullum Inna ta raba gida uku: manya jajaye na iri, masu kyau na kasuwa, sai 'yan ƙananan nan da suka yamushe da masu duhu, na gida. Haka ake yi a kowane gida, mai kyau a fitar, ragowar a yi mai da ƙuli da kunu. Bana na gidan sun yi yawa. Inna ta ce aikin farin Agusta ne. Na ce haka ne.

Na tauna ɗaya, ɗaci. Na tofar a ɓoye. Amma ai suya za a yi, wuta tana kashe komai.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Sun iso. Amatullah ta zama 'yar dumurmur, haƙora tas, tana ce mini “Umu”. Yaya Haulatu ta sulale bayan la'asar yarinya tana barci, tana tafiya tana share ido. A zaure ta riƙe hannuna ta ce, “Inna ta tsufa da rainon yaye, ke na bar wa ita.” Na ce Yaya ki kwantar da hankalinki, sai kin kasa ɗaukarta in kin dawo.

Laraba, 23 ga Oktoba

Kwana biyu yarinyar nan ba ta yarda da komai ba. Koko a'a, fura a'a, tuwo ta tofar. Kuka kawai, tana jan rigar Inna. Yau na ce bari in gwada kunun gyaɗa. Na soya, na kai markaɗe, na tace, na sa tsamiya da 'yar shinkafa. Ta shanye kofi guda ta miƙo mini wai ƙari.

Na ɗauke ta bidiyo da kunu har a goshi na sa a sitatus, na rubuta “Anti Ummu ta iya”. Mutum tamanin da shida suka gani. Yaya Haulatu ta kira tana dariya tana kuka, wai yau za ta iya cin abinci. Inna ta ce ashe wayar ba ta cinye mini hannu duka ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Safe da yamma, kunu. Ta koyi cewa “nunu”. Mun kuma yi mai jiya, tunkuzar da ta rage Inna ta ce in riƙa marmasa wa 'ya'yan agwagwarta.

Laraba, 30 ga Oktoba

'Ya'yan agwagwa tara ne. Jiya biyu suka mutu, yau uku. Sai su daina ci, su yi ta layi, su kwanta su miƙe ƙafa baya. Kaji kuwa lafiyarsu lau. Inna ta ce ko iska ce ta shigo unguwa, amma na tambayi Shatu, nasu ba abin da ya same su.

Ba abin da suke ci wanda na su Shatu ba sa ci, sai abu ɗaya.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Na sa data na zauna a ɗaki, Amatullah tana barci a bayana. Turancina ba wani na kirki ba ne, ina karantawa ina mayarwa Hausa da wayar, har na samu wani malamin gona da ya yi bayani a bidiyo da Hausa.

Wai fumfuna ce, kuma ba ita kanta ba ce matsalar, gubar da take bari a cikin ƙwayar. Afulatoksin ko me. Ya ce abu biyu take so. Na farko fari lokacin da gyaɗa ke cika a ƙasa, ɓawo ya tsage, ta samu hanya. Na biyu a jiƙa ta bayan an cire, a rufe ta cikin zafi ba iska. Kamar yana leƙen bayan ƙofarmu yake magana. Ya ce ba mu kaɗai ba, har ƙasashen Turawa, hatsinsu ɗin nan ots na gwangwani, shekarar da aka yi ruwa da laima yana fure ko lokacin girbi, sai a auna a ga guba ta ƙaru. Tasu fumfunar daban ce, ta fi son sanyi, tamu zafi take so. Su dai suna da na'urar aunawa.

Ya ce ta fi taruwa a ƙananan da suka yamushe da masu ɗaci. Ya ce 'ya'yan agwagwa ne suka fi saurin nunawa. Ya ce hanta take taɓawa, kuma tana hana yaro girma.

Suya ba ta kawar da ita. Tafasa ma haka. Na mayar da wurin baya sau huɗu ko ban ji daidai ba ne.

Kwana goma, safe da yamma. Ni da hannuna nake hura mata ya huce.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na ce wa Inna gyaɗar da na markaɗa ta ƙare, na dama kunun gero. Amatullah ta ture kofin, ta kwanta a ƙasa tana “nunu, nunu”. Na goya ta na zaga gida ya fi sau ashirin. Kowane lokaci sai in sauke ta in buɗe idonta in duba ko ya yi rawaya. Fari ne. Ina jin fari ne. A inuwa kamar ba fari ba.

Na daina ba agwagi tunkuza. Huɗu suka rage.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Inna ta gaji da kukan, ta ɗebo gyaɗar gida ta hau suya da kanta. Na ce Inna na gani a waya, wai ƙananan nan ba su da kyau ga yara. Ko kallona ba ta yi ba.

“Da su na yaye Haulatu, da su na yaye ki. Gyaɗar da ake tsoro ita ce wadda ruwa ya daka ta kwana a jiƙe, wannan ko Innata ba ta ba yaro. Tawa kuwa ruwa bai taɓa ta ba, ke kika ce.”

Ni na ce.

Da ta dama ta ajiye ya huce, na wuce na taka bakin kwanon da gangan. Duk ya malale. Ta yi mini faɗa, wai idona yana kan waya ko tafiya ban iya ba. Na ji daɗin faɗan, wallahi. Amma gobe fa? Kwano nawa zan zubar?

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ta aike ni rijiya da safe. Kafin in dawo ta dama ta ba ta. Rabin kofi. Na tarar tana goge mata baki da gefen zane tana cewa, “Ga 'yar albarka, ta sha.”

Na shiga banɗaki na tsaya kawai. Na kwana goman farko zan iya cewa ban sani ba. Wannan rabin kofin na sani.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na faɗa.

Ba wani shiri na yi ba. Inna tana zaune a kan tabarma, yarinya a cinyarta, ta ɗauko kofi tana jujjuyawa da cokali. Sai na ji bakina ya ce, Inna kada ki ba ta, ruwa ya daki gyaɗar.

Ta ajiye kofin can nesa da hannun Amatullah. Ta ce, “Ran Alhamis?” Na ce e. “Kina ina?” Gidan su Shatu. “Kika baza a ɗaki?” Na ce a buhu na sa. “Wane buhu?” Na taki. “Kwana nawa?” Uku.

Na ɗauka za ta dake ni, da na fi so. Ta daɗe tana kallon tarin buhunan da ke jingine a bango. Can ta ce, “Ruwa ai ba ke kika saukar ba. Da kin gaya mini ran Lahadin, da na san gyaɗar da nake riƙe da ita.” Ta miƙe ta goya yarinyar da kanta. Tun zuwanta ni ke goyo.

Muka tafi ƙaramin asibiti. Malama Maimuna mai awon yara ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Ta duba ido, ta danna ciki, ta ɗora ta a sikeli. Ta ce ido fari ne, ciki lafiya, nauyi ya ɗan ragu amma yaran yaye sukan yi haka. Na ce to ba komai ke nan? Ta ce, “Ba zan ce miki ba komai ba, ba kuma zan ce akwai ba. Nan ba mu da abin aunawa. A daina ba ta, a sa ido, in an koma Daura a kai ta babban asibiti a duba jininta.” Ta rubuta a kati. In ido ya canza ko ta fara amai, kada a jira.

A hanya Inna tana gaba da goyonta, ina bin ta a baya.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Inna ta sa an haƙa rami a bayan gida. Gyaɗar gida duka, da tunkuza, da ƙulin da muka yi, aka zuba aka rufe. Ta kasuwa ma ta kwance buhu ɗaya ta daɗe tana fasa ƙwayoyin da farce tana shinshinawa, sai ta ce a haɗa. Matar Kawu ta ce haba Hajo, wannan ai jawur take, wa zai gane? Inna ta ce ba za ta kai wa jikan wani abin da ba za ta ba nata ba. Iri kaɗai ta bari. Noman shekara guda, ni na riƙa miƙa mata kwando.

Da muka gama na ce, Inna ko ke za ki gaya wa Yaya? Ta ce, “Ke ce mai waya.”

Na yi saƙon murya sau bakwai ina gogewa. Na takwas na tura, minti biyu. Ta saurara, na ga alamar. Ba amsa.

Na cire bidiyon kunun daga wayata. Sai kuma na dawo da shi daga kwandon shara, don a ciki tana dariya.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Yaya Haulatu ta zo da motar farko. Ba a gama kwanakin yaye ba, amma ba wanda ya ce ta bari. Ta gaida Inna, ta karɓi kati, ta haɗa kayan yarinya. Na miƙa mata 'yan takalman da suka shige ƙarƙashin gado, ta karɓa ba ta kalle ni ba. Abu ɗaya ta ce, a zaure: “Ranar da kika gane, Juma'a ce ko? Na kira ki ran Asabar, kika ce mini lafiya lau.”

Amatullah tana bayanta tana waiwayo, “Umu, Umu.”

Asabar, 9 ga Nuwamba

Gidan shiru. Inna tana yi mini magana, amma ta aiki kawai. Ɗauko, ajiye, an kira salla. 'Yan gurup suna ta tambaya ina 'yar yayenmu. Na kife wayar.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Mijin Yaya ya kira Inna. An duba jini, likita ya ce bai ga abin tsoro ba a yanzu, a dawo da ita awo bayan wata ɗaya. Inna ta gaya mini tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Na shiga ɗaki na yi sujada, na daɗe.

“A yanzu” ya ce. Ina ta juya kalmar.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ƙarfe takwas na safe waya ta yi ƙara, bidiyo kol, Yaya Haulatu. Na ɗauka. Ba fuskarta na gani ba, Amatullah ce zaune a ƙasa ta juya wa kofi baya, ta sha kuka har hanci ya yi ja. Daga gefe na ji muryar Yaya: “Kunun gero ne. Ta ƙi.”

Na ɗauko kofin Inna, ba komai a ciki, na kafa kai ina kurɓa da ƙara, ina lumshe ido ina cewa daɗi, Umu za ta shanye. Ta tsaya tana kallona. Hannun Yaya ya shigo da cokali. Ta karɓi ɗaya. Na sake kurɓa, ta karɓi na biyu. Na ƙirga sha huɗu. Inna tana tsaye a bayana, ina jin numfashinta.

Kafin ta kashe, Yaya ta ce, “Gobe ma ƙarfe takwas.” Shi ke nan.

Bayan nan na zauna na rubuta mata dogon saƙo. Cewa wayar ce ta nuna rana kwana bakwai, cewa farin Agusta ma ya taimaka, malamin gonan da kansa ya faɗa, cewa kowa na iya yin kuskuren. Duk gaskiya ne. Na karanta sau biyu.

Na goge. Na rubuta “To, Yaya.”

Bari in kai wayar caji tun yanzu, in dawo in taya Inna sussukar wake.